Bayan Iska Ta Lafa: Abin da Guguwar Katrina Ta Bari a New Orleans

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai tsallaka tekun Atlantika ya sauka a birnin New Orleans na jihar Louisiana, can kudu a ƙasar Amurka, domin duba irin ɓarnar da mahaukaciyar guguwa kan bari bayan ta kama gabanta.

Ranar Litinin, 29 ga Agusta, 2005, wajen azahar, iska ta fara lafawa a New Orleans. 'Yan jaridar da suka kwana a otal-otal na tsohuwar unguwar Faransawa, wadda ke kan ɗan tudu a bakin kogin Mississippi, suka leƙo waje. Gilasai sun farfashe, bishiyoyi sun kwanta, amma titunan da ke gabansu ba wani ruwan a zo a gani. Wasunsu suka aika labari cewa birnin ya tsallake rijiya da baya. A daidai wannan lokaci, 'yan kilomitoci kaɗan daga inda suke tsaye, mutane ne ke fasa rufin gidajensu da gatari daga ciki domin su fito sarari, don ruwa ya riga ya taɓa silin.

Guguwar, wadda aka laƙaba wa suna Katrina, ta fara haɗuwa ranar 23 ga Agusta a kusa da tsibiran Bahamas. Da yawa daga irin waɗannan guguwoyi tushensu na Afirka ta Yamma ne: kaɗawar iskar da ke ratsa sararin Sahel da damina takan nausa yamma, in ta faɗa kan teku mai ɗumi sai ta yi ta shan tururi tana kumbura. Katrina ta gitta ta kudancin Florida ranar 25 ga wata da ɗan ƙarfinta, ta shiga mashigin tekun Meksiko inda ruwa ya ɗau zafi ƙwarai. Ranar Lahadi ta kai mataki na 5, wato ƙololuwar ma'aunin guguwa, iskarta na gudun kilomita 280 a awa ɗaya. Kafin ta taɓa ƙasa da sanyin safiyar Litinin a kusa da garin Buras, ta sauko mataki na 3, tana gudun kimanin kilomita 200. Tsakiyarta ma ba ta bi ta kan New Orleans ba, ta ɗan karkata gabas.

To me ya cinye birnin?

Sai an san yadda garin yake zaune kafin a gane amsar. New Orleans kamar ƙwarya take, baki a sama, ciki a ƙasa. Kogin Mississippi ya naɗe ta ta kudu, tafkin Pontchartrain ya tokare ta ta arewa, kuma kusan rabin ƙasarta ya fi teku ƙasa. Unguwanni da dama a da fadama ce. A farkon ƙarni na 20 aka kawo manyan injinan tsotse ruwa aka busar da fadamar aka yanka filaye, ita kuwa ƙasar da aka tsane sai ta yi ta motsewa tana nitsewa shekara bayan shekara. Don haka duk ruwan saman da ya sauka a birnin ba ya fita da kansa, sai inji ya ɗaga shi ya zuba a manyan magudanai masu kai shi tafki. Magudanan nan kuma katangun siminti ne da ganuwar ƙasa suka raba su da gidajen mutane. Akwai unguwannin da mutum zai tsaya a ƙofar gidansa, ruwan magudana yana sama da kansa a bayan katanga.

Ganuwar nan ce ta ɓalle, a wurare fiye da 50. Guguwa ta tunkuɗo ruwan teku cikin tafki da magudanai, katangun suka kasa. A gabas, katangar magudanar jiragen kaya ta fashe kan unguwar Lower Ninth Ward da ƙarfin da ya tumɓuke gidaje daga tushensu, har wani ƙaton jirgin dakon kaya ya biyo ruwa ya zo ya zauna a cikin unguwa. A magudanar titi na 17 da ta London Avenue kuwa, abin ya fi ban takaici, domin ruwa bai ma kai bakin katanga ba ta ture. Binciken injiniyoyi ya nuna daga baya cewa ƙarafan da aka kafa katangun a kansu ba su nitsa ƙasa yadda ya kamata ba, kuma an yi wa ƙasar wurin zaton ƙarfin da ba ta da shi. Ruwa ya yi kwana biyu yana kwarara, sai da ya yi daidai da na tafki sannan ya tsaya. Kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, a wasu wurare zurfin ya haura mita 4.

Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce ta tsara katangun ta kuma gina su, bisa dokar da majalisa ta yi a 1965 bayan guguwar Betsy. Shekara 40 bayan dokar, aikin bai ƙare ba. A 2006 rundunar ta fito ta amsa cewa akwai kuskure a tsarin ginin. Mazauna birnin suka garzaya kotu, amma a 2008 alƙalin kotun tarayya ya ce wata doka ta 1928 ta ba gwamnati kariya daga biyan diyyar ambaliya irin wannan. An amsa laifi, an hana diyya. Mai sauraro a Maiduguri, wanda ya ga daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda ruwa ke shigowa gari alhali sama ba hadari.

Kuma ba wanda zai ce ba a sani ba. A 2002 jaridar birnin, Times-Picayune, ta yi jerin rahotanni kan abin da zai faru in babbar guguwa ta zo. A Yulin 2004, wata 13 kafin Katrina, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, da jami'an jihar Louisiana sun yi atisaye kan wata guguwar ƙirƙira da suka sa wa suna Pam, inda suka ƙaddara cewa ruwa zai haura ganuwa, dubban mutane kuma za su maƙale.

Magajin gari Ray Nagin bai ba da umarnin dole kowa ya fice ba sai safiyar Lahadi, ƙasa da kwana guda kafin guguwa ta iso. Duk da haka kimanin kashi 80 cikin 100 na mutanen birnin sun fita, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Matsalar tana ga waɗanda suka rage. Kusan gida ɗaya cikin huɗu a New Orleans ba su da mota, a ƙasar da aka gina shirin gudun hijira kacokan a kan cewa kowa zai ja motarsa. Ga shi ƙarshen wata ne, kuɗin fansho da na tallafi ba su shigo ba, ba kuɗin mai, ba na otal. Akwai masu jinyar tsohuwa da ba ta iya tashi, akwai waɗanda suka ƙi barin karnukansu domin matsugunan gwamnati ba sa karɓar dabbobi, akwai kuma tsofaffin da suka ga Betsy suka tsira, suka ce wannan ma za ta wuce. Ɗaruruwan motocin safa na makarantu da za su iya kwashe mutane suna fake a filinsu, a nan ruwa ya shanye su.

Babban filin wasa mai rufi, Superdome, shi aka ware a matsayin mafakar ƙarshe. Mutum kusan 10,000 suka kwana a ciki daren guguwa. Iska ta yaye wani sashen rufin, wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, ban-ɗakuna suka cika suka tumbatsa. Da aka fara tsamo mutane daga kan rufin gidaje ana sauke su a wurin, adadin ya haura 20,000. Wasu kimanin 20,000 kuma suka taru a babban zauren taro na bakin kogi, inda ba a tanadi ko kwalbar ruwa ba. Ranar Alhamis, kwana uku bayan guguwa, shugaban FEMA Michael Brown ya faɗa a talabijin cewa a ranar ya sami labarin mutanen da ke zauren, alhali masu kallo a gida sun riga sun gan su. Sai ranar Juma'a ayarin motocin soja ya shigo da abinci da ruwa, ƙarƙashin jagorancin Laftanar Janar Russel Honoré, wanda aka gani a titi yana daka wa sojoji tsawa su sauke bakin bindigoginsu. Shugaba George Bush ya leƙa birnin ne ta tagar jirginsa ranar Laraba, kuma hoton nan ya bi shi har ƙarshen mulkinsa. Brown ya yi murabus ranar 12 ga Satumba.

Ba kowa ne ya gaza ba. Rundunar tsaron gaɓar teku ba ta jira takarda daga Washington ba, ta tashi jiragenta masu saukar ungulu tun iska ba ta gama lafawa ba, ta ceto mutum fiye da 33,000. Masunta da mafarautan karkarar Louisiana suka ɗauro ƙananan kwale-kwalensu a bayan motoci, suka shiga unguwanni suna sauraron inda ake buga rufi daga ciki.

Sai dai akwai wata ɓarnar da baki ya yi. A kwanakin nan jita-jita ta cika gari cewa ana yanka mutane a Superdome, ana yi wa yara fyaɗe, ana harbin jiragen ceto. Magajin gari da shugaban 'yan sanda da kansu suka maimaita wasu daga cikin labaran a talabijin. Da ƙura ta lafa aka ƙirga, gawa 6 aka samu a filin wasan, kuma ba ko ɗaya da aka kashe. An yi fashe-fashen shaguna, wannan gaskiya ne, wasu don ruwan sha da madarar jarirai, wasu don talabijin. Amma tsoron da aka hura ya jinkirta aikin ceto, ya kuma sa aka riƙa kallon waɗanda bala'i ya auka wa kamar abokan gaba. 'Yan sandan garin Gretna da ke tsallaken kogi sun tare gada da bindigogi suka mayar da masu gudu da ƙafa. Ranar 4 ga Satumba, a kan gadar Danziger, 'yan sandan New Orleans suka buɗe wuta kan mutanen da ba su riƙe da makami, suka kashe biyu, suka raunata huɗu, sannan suka shirya labarin ƙarya don rufe abin. Sai 2016 shari'ar ta ƙare da jami'an suka amsa laifinsu.

An daɗe ana cewa mutum 1,833 Katrina ta kashe. A 2023 cibiyar lura da guguwa ta Amurka ta sake lissafi ta ce 1,392. Ko wanne aka ɗauka, abin lura shi ne su wane ne suka mutu. Wani bincike kan mamatan Louisiana ya gano cewa kusan rabinsu 'yan shekara 75 ne zuwa sama. A gidan kula da tsofaffi na St. Rita, a gundumar St. Bernard, mutum 35 suka nutse, wasu a kan gadajensu, wasu a kujerun guragu. A asibitin Memorial ruwa ya kashe janareto, na'urorin numfashi suka tsaya, zafi ya haura digiri 37 a cikin gini marar iska, ma'aikata suna ɗaukar majinyata a hannu suna hawa bene da su zuwa inda jirgi zai sauka. Gawa 45 aka samu a asibitin. An kama likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu bisa zargin sun yi wa wasu majinyata allurar da ta gaggauta mutuwarsu, amma a 2007 masu taya alƙali tantance ƙara suka ƙi amincewa a gurfanar da likitar.

Kwana 43 aka ɗauka kafin a tsotse ruwan birnin. Ana cikin aikin, guguwar Rita ta zo a ƙarshen Satumba ta sake fasa facin da aka yi, Lower Ninth Ward ta kuma nutsewa.

Wanda ya dawo a Oktoba ya tarar da gari mai launin toka. Ruwan gishiri ya kashe ciyawa da bishiyoyi, laka ta bushe ta tsattsage, kowane bango na ɗauke da zanen da ruwa ya bari, layi bisa layi, gwargwadon yadda ya riƙa sauka. A jikin kowane gida kuma akwai babbar alama mai kama da gicciye da masu neman gawa suka fesa da fenti. Alamar tana da gurbi huɗu. A sama ranar da aka duba gidan, a hagu sunan tawagar da ta duba, a dama haɗarin da aka gani, kamar yoyon gas ko bango mai shirin faɗuwa. A ƙasa kuma lamba: adadin gawar da aka samu. Mafi yawa sifili ne. Mai gida yakan tsaya daga nesa ya fara duba gurbin ƙasa kafin ya taka ƙofa. An kuma sami gidajen da aka rubuta musu sifili domin ba a shiga ciki ba, sai 'ya'ya da suka dawo bayan makonni suka tarar da mahaifiyarsu a ƙarƙashin rufi.

Sai firji. Mutane sun fita da nufin kwana biyu ko uku, suka bar nama da kifi da jatan lande a ciki, aka yi makonni ba wuta cikin tsananin zafi. Waɗanda suka fara dawowa suka buɗe, ba su sake marmarin buɗewa ba. Nan da nan kowa ya koyi darasi: a naɗe firjin da salatif mai ƙarfi, a turo shi bakin titi yadda yake. Dubun dubatar firji suka yi layi a titunan birnin, mutane suka mai da su allon rubutu, wani ya zagi FEMA, wani ya rubuta adireshin fadar shugaban ƙasa a ce a kai masa. Cikin gidaje kuwa fumfuna ta hau bango har silin, baƙa da kore. Gyaran farko shi ne a fitar da komai, katifa, littattafai, hotunan aure, a kuma ɓamɓare bango har sai katakon gini ya bayyana. A yankin Meraux abin ya haɗu da man fetur, domin ruwa ya ɗaga wata tankar matatar Murphy ta fashe, ɗanyen mai kimanin ganga 25,000 ya malala cikin gidaje wajen 1,700.

Jihar Mississippi, wadda kyamarori ba su cika zuwa ba, ita ta sha ainihin dukan teku. A garuruwan Waveland, Bay St. Louis da Pass Christian tudun ruwa ya kai mita 8, ya kutsa kilomita 10 cikin ƙasa. Manyan gidajen caca da ke shawagi kan ruwa a Biloxi, teku ya ɗauke su ya dire a tsallaken babbar hanya. A unguwannin bakin gaɓa ba abin da ya rage sai daɓen siminti da matakalar da ba ta kai ko'ina. Mutum 238 suka mutu a jihar.

Daɓen nan shi ya buɗe babin rigimar inshora. A Amurka inshorar gida ta yau da kullum tana biyan ɓarnar iska, ba ta biyan ta ambaliya. Ta ambaliya daban ake yanka, a wani shirin gwamnatin tarayya, kuma mutane da yawa ba su yanka ba domin taswirar hukuma ba ta sa unguwarsu cikin haɗari ba. To gidan da ya ɓace gaba ɗaya, wa zai tabbatar ko iska ce ta fara rushe shi ko ruwa? Kamfanoni suka ce ruwa ne. Hatta Sanata Trent Lott, wanda ya taɓa zama jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa, sai da ya kai kamfanin inshorarsa kotu kan gidansa na Pascagoula. In mai irin wannan ƙarfi sai da shari'a, ba sai an faɗi halin direban bas ba.

An ƙiyasta asarar dukiya a kan dala biliyan 125, mutum fiye da miliyan 1 kuma suka bar muhallinsu. Birnin Houston na jihar Texas ya karɓi fiye da 100,000. Wasu an sa su a jirgi ba a gaya musu inda za a kai su ba, sai da suka sauka suka ji suna jihar Utah. An ba da rahoton yara fiye da 5,000 da suka rabu da iyayensu, kuma sai a Maris na 2006 aka haɗa ta ƙarshe da danginta. Waɗanda suka tsaya kusa da gida, FEMA ta raba musu ƙananan gidajen tirela fiye da 100,000. Ba a daɗe ba yara suka fara tari, hanci na zubar da jini, ido na ƙaiƙayi. A 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta tabbatar cewa katakon tirelolin na fitar da wani sinadari mai guba fiye da kima, ta ce a gaggauta kwashe mutane.

Wa zai dawo gida, wa ba zai dawo ba, a ofis aka yanke wannan, kuma nan ne ɓarnar da ta fi daɗewa ta faru. Jihar Louisiana ta kafa shirin tallafin sake gina gidaje mai suna Road Home da biliyoyin daloli na tarayya, inda mai gida zai iya samun har dala 150,000. Sai dai ana auna tallafin ne da darajar gidan a kasuwa kafin guguwa, in ta gaza kuɗin gyara. A ɗauki gida biyu masu girma ɗaya, ruwa ya yi musu ɓarna iri ɗaya. Buhun siminti da ladan kafinta farashinsu ɗaya ne a ko'ina cikin gari. Amma gidan da ke unguwar masu hali, wadda galibi ta farar fata ce, darajarsa ta fi, don haka mai shi ya sami abin da zai gama gini. Na unguwar baƙar fata darajarsa ƙasa take, tallafinsa ya ƙare a rabin aiki. Ƙungiyoyin kare haƙƙi suka kai ƙara, aka sasanta a 2011, lokacin da iyalai da yawa sun riga sun sa 'ya'yansu makaranta a Houston ko Atlanta.

Akwai kuma matsalar gado. Dubban gidaje, musamman a unguwannin talakawa, kaka ce ta bar wa 'ya'ya, 'ya'ya suka bar wa jikoki, ba wanda ya taɓa zuwa kotu a sauya suna a takarda. Kowa a layi ya san gidan na wane ne. Hukuma kuwa takardar mallaka take nema, ko sa hannun dukan magada, ga magadan sun watsu a jihohi daban-daban.

A Janairun 2006 wani kwamitin magajin gari ya fito da tsari, jarida ta buga taswirarsa da manyan ɗigo kore a kan wasu unguwanni, alamar za a iya mai da su wurin shaƙatawa da tara ruwa. Mutanen unguwar Broadmoor suka ga ɗigo a kan gidajensu, suka taru suka rubuta nasu tsarin, suka ƙirgo masu niyyar dawowa gida-gida, taswirar ta mutu. Haka 'yan asalin Vietnam na gabashin birnin, waɗanda cocinsu ta zame musu ofis da ɗakin girki da asibiti. Cikin makonni suka fara dawowa, kuma da aka buɗe juji na tarkacen guguwa kusa da su a 2006, suka tsaya kai da fata har aka rufe shi. Unguwar da ke da ƙungiya da murya ta farfaɗo. 'Yan haya kuwa ba su da ko ɗaya, ga kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo.

Hukumomi sun yi amfani da damar sun sauya abubuwan da suka daɗe suna son sauyawa. A Disambar 2007 majalisar birnin ta amince a rushe gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi kimanin 4,500, alhali da yawansu ginin bulo ne da ruwa bai yi wa mugun lahani ba. Abin da aka gina a madadinsu ya fi kyan gani, amma gurbin talaka a ciki ya ragu sosai. Asibitin Charity, wanda ya yi shekaru aru-aru yana karɓar marasa inshorar lafiya, ba a sake buɗe shi ba, kuma sai 2015 magajinsa ya fara aiki. An sallami malamai da ma'aikatan makarantu fiye da 7,000, mafi yawan malaman mata ne baƙar fata, aka miƙa makarantun ga ƙungiyoyi masu zaman kansu. Sakamakon jarrabawa ya ɗaga bayan haka, ana kuma ta gardama har yau kan farashin da aka biya. Shi kuwa Nagin, a 2014 kotu ta ɗaure shi shekara 10 kan cin hanci daga 'yan kwangila.

Ƙidaya ta nuna sakamakon. A 2000 birnin na da mutum 484,674. A 2010 ya koma 343,829, kuma baƙar fata sun ragu da fiye da 100,000. A 2020 ya ɗan farfaɗo zuwa 383,997. Lower Ninth Ward, inda yawancin mutane gidan kansu suke zaune kafin guguwa, ta faɗo daga mutum 14,000 zuwa ƙasa da 3,000 a 2010, filayen da aka rushe gidajensu suka koma daji.

An sake gina ganuwar da kuɗi kimanin dala biliyan 14.5, har da wata katangar tare teku mai tsawon kusan kilomita 3 a gabashin birnin, da ƙofofin ƙarfe a bakin magudanan da suka fashe. Ranar 29 ga Agusta, 2021, shekara 16 cif bayan Katrina, guguwar Ida ta sauka a Louisiana da iskar da ta fi ta Katrina ƙarfi, kilomita 240 a awa. Ganuwa ta riƙe, birnin bai nutse ba. Amma dukan manyan layukan lantarki 8 da ke shigo da wuta suka katse, gari ya yi kwanaki cikin duhu da zafi, aka riƙa samun tsofaffi sun mutu a ɗakunansu. Wasu fiye da 800 da aka kwaso daga gidajen kula da tsofaffi aka jibge su a wani sito a kan katifu, da dama suka rasu. Garuruwan da ke wajen ganuwa, irin su LaPlace, ruwa ya shanye su.

Ƙasar kuma ba ta daina nitsewa ba. Tun daga shekarun 1930 Louisiana ta yi asarar kimanin murabba'in kilomita 5,000 na fadamun bakin teku, waɗanda a da su ke rage wa igiyar ruwa ƙarfi kafin ta iso gari. Ganuwar kogi ta hana laka isa gare su, hanyoyin ruwan da kamfanonin mai suka haƙa kuma suka shigo musu da gishiri. A 2019 rundunar injiniyoyin ta sanar cewa saboda nitsewar ƙasa da hauhawar teku, sabuwar ganuwar za ta buƙaci a riƙa ƙara mata tsayi in ana son ta ci gaba da ba da kariyar da aka gina ta dominta.